Ya ce ya sake ni a kotun Amurka, amma ban taɓa ganin takardar ba: ina zan same ta?

Wata 'yar'uwa ce ta aiko da wannan tambaya daga Kaduna. An ɗaura mata aure a masallaci a Bronx, cikin birnin New York, suka kuma je ofishin gwamnati aka yi wa auren rajista. Bayan shekara huɗu zama ya ƙi daɗi, mijin ya koma Houston da aiki, ita kuma ta tattara kayanta ta dawo gida da ɗanta. Daga baya ya kira ta a waya ya sake ta, ya ƙara da cewa ya gama komai a kotu. Yau shekara takwas ke nan. Yanzu Allah ya kawo wani mazaunin Amurka yana son ya aure ta ya nema mata bizar tafiya, lauyansa kuma ya ce sai an kawo takardar mutuwar auren farko. Tsohon mijin ba ya ɗaga waya. Tana tambaya ina za ta samu takardar, kuma ta yaya, alhali tana Najeriya.

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya sa wannan ya zame miki sanyin ido. Na daɗe ina aikin tafinta a kotunan iyali, ina kuma taimaka wa lauyoyin shige da fice wajen haɗa takardu, kuma irin tambayarki ta sha zuwa gabana. Ki kwantar da hankalinki. In dai da gaske alƙali ya raba auren nan, takardar tana nan a ajiye, kuma ba kya buƙatar yardar tsohon mijinki kafin a ba ki. Sunanki yana cikin shari'ar, haƙƙinki ne.

Abu na farko da ke ɓatar da mutanenmu shi ne zaton cewa akwai wani babban ofishi a Washington da ke riƙe da sunayen duk waɗanda aurensu ya mutu. Babu shi. Gwamnatin tarayya ba ta raba aure, ba ta kuma ajiye takardunsa. Sha'anin aure da saki na jihohi ne, kowace jiha da dokarta, kuma a cikin jihar ma shari'ar tana zaune ne a kotun gundumar da aka shigar da ƙara. Gundumar nan ita suke kira kawunti, kusan kamar ƙaramar hukuma a wurinmu, sai dai kowacce tana da kotunta da magatakardanta da rumbun ajiyar takardunta. Sun haura 3,000 a faɗin ƙasar. Saboda haka aikinki gaba ɗaya ya tattara ne a kan gano gunduma ɗaya tak. Da kin gano ta, saura kuɗi ne kaɗan da ɗan jira.

Kafin mu shiga nema, ki san takarda iri biyu ce. Akwai hukuncin kotu, wanda alƙali ya sa wa hannu, mai ɗauke da ranar da aure ya mutu da abin da aka yanke a kan yara da ciyarwa da dukiya. A Texas sunansa Final Decree of Divorce, a New York kuma Judgment of Divorce. Akwai kuma 'yar gajeriyar takardar shaida da ma'aikatar lafiya ta jiha ke bayarwa, mai sunayen ma'aurata da rana da gunduma kawai. Wadda lauyan yake nema ita ce ta farko, kuma kwafin da magatakardan kotu ya buga wa hatimi ya shaida cewa daidai yake da na asali. Ta biyun tana da amfani babba, amma amfaninta a wurinki shi ne ta nuna miki hanya.

To, ina ya kai ƙarar? Mu bi sawunsa. Dokar Texas ba ta barin mutum ya nemi a raba aurensa sai shi ko matar ɗayansu ya yi wata shida yana zaune a jihar, da kwana 90 a gundumar da zai shigar da ƙara. Bayan an shigar kuma sai an jira aƙalla kwana 60 kafin alƙali ya yanke hukunci. Ki zauna ki yi lissafi: wata nawa ne tsakanin komawarsa Houston da ranar da ya kira ki ya ce ya gama? In bai kai wata takwas ba, da wuya a ce a Texas aka gama shari'ar a lokacin, sai hankalinki ya karkata New York. In ya haura haka, ki fara da Texas.

A Texas ɗin ma kada ki ce Houston kawai ki tsaya. Birnin ya fi yawa a cikin gundumar Harris, amma ya malala cikin Fort Bend da Montgomery, kuma 'yan Najeriya da yawa suna zaune ne ta ɓangaren Fort Bend, wuraren Sugar Land da Missouri City da Richmond. Mutum zai ce miki a Houston yake, alhali kotunsa tana Richmond. In kina da tsohon adireshinsa, ko a jikin ambulan ne ko rasit ɗin kuɗin da ya taɓa turo wa yaron, ki sa a taswirar intanet, za ki ga gundumar. Sannan akwai wani tarko da nake ganin mutane suna faɗawa kullum: a Texas ofisoshi biyu ne masu kama da juna a suna. County Clerk shi ke riƙe da takardun ɗaurin aure. Na saki kuwa suna wurin District Clerk. In kika rubuta wa na farko, amsar da za ta zo miki ita ce ba su da shi, ki ɗauka babu saki, alhali ƙofar ce kika kuskure. Ofishin District Clerk na Harris yana lamba 201 a titin Caroline, a tsakiyar Houston, kuma yana da shafin intanet da za ki yi rajista kyauta ki nemi shari'a da sunan mutum.

Akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi ga wadda ba ta san gunduma ba. Sashen kula da rajistar haihuwa da mutuwa na ma'aikatar lafiyar Texas yana da jerin sunayen duk sakin da kotuna suka kai masa rahoto tun daga 1968, shekara bayan shekara, kuma ana iya sauke jerin daga shafinsu. Ki sauke na shekarar da ya kira ki, da ta gabanta, da biyu na bayanta. In sunanku ya fito, za ki ga gunduma da rana a gefensa. Suna kuma bayar da wasiƙar tabbatarwa in an biya, sai dai su da kansu sun faɗa cewa wasiƙar ba ta maye gurbin hukuncin kotu.

In Texas ba ta nuna komai ba, sai New York, kuma can tsarin daban ne. Kotun da ke raba aure a New York sunanta Supreme Court. Kada sunan ya tsorata ki, ba kotun ƙoli ba ce irin ta Abuja, kotun matakin farko ce da kowace gunduma ke da ita, kuma County Clerk ne ke riƙe da fayil ɗin. Birnin New York kansa gunduma biyar ne: Bronx, da Kings wato Brooklyn, da New York wato Manhattan, da Queens, da Richmond wato Staten Island. Magatakardan Bronx yana lamba 851 a Grand Concourse. Amma kada ki ɗauka dole a Bronx aka yi don can kuka zauna. A shekarun da kike magana a kai, doka ta bar mai ƙara ya zaɓi gundumar da yake so a cikin jihar, kuma masu cika wa mutane takardun saki a farashi mai sauƙi sukan kai ƙarar Manhattan, ko wata gunduma can nesa da birni inda layi bai da tsawo. Na ga takardar mutumin da bai taɓa taka garin da aka raba aurensa ba. Shi ya sa a New York nake ba da shawarar a fara da ma'aikatar lafiya ta jiha da ke Albany, wadda ke da shaidar duk sakin da aka yi a jihar tun daga 1 ga Janairun 1963. Ita za ta gaya miki gundumar.

Wani bambanci mai muhimmanci: a Texas galibi takardun saki a buɗe suke, wani ɗan'uwa da ke Houston zai iya zuwa da lambar shari'a ya biya a ba shi kwafi mai hatimi. A New York an rufe fayil ɗin aure na shekara 100 a ƙarƙashin sashe na 235 na dokar zamantakewar iyali ta jihar. Ba mai ganinsa sai ke, ko shi, ko lauyan ɗayanku. In wani za ki aika, sai da wasiƙar izini daga gare ki wadda kika sa wa hannu a gaban mai shaida sa hannu na hukuma, wato notari, tare da kwafin fasfonki. Ofishin jakadancin Amurka a Abuja da ƙaramin ofishinsu na Legas suna yin wannan aiki, dala 50 kowane hatimi, kuma sai an nemi rana tun da wuri. Ni dai ina ganin ya fi miki sauƙi ki bar wa lauyan mai neman aurenki wannan ɓangaren, ko ya haɗa ki da wani lauya a New York, don su suna yin sa kowane mako.

Yanzu maganar suna, wadda a kanta na fi ganin an sha wahala. Kwamfutar kotu ba ta san cewa Muhammad da Mohammed da Mohamed da Muhammed mutum ɗaya ba ne. Ba ta san Abubakar da Aboubacar ɗaya ba ne, ko Aishatu da Aisha da A'isha. Akawun da ya shigar da sunan ya kwafi abin da ya gani ne a takarda, wani lokaci har da kuskuren hannunsa, kuma sau da yawa sunan uba yakan koma gaba, sunan yanka ya koma baya. Na taɓa kwana uku ina neman shari'ar wata baiwar Allah, ashe an ɗauki sunan garinsu da ke cikin fasfonta an mai da shi sunan dangi, sunan mahaifinta kuma ya ɓace ɗungurungum. Ki ɗauko takardar aurenku ta New York, da tsohon fasfonki, da duk wata takarda mai sunansa, ki rubuta kowane salon rubutun a takarda ɗaya. Ki nema da sunansa, ki nema da naki, ki juya su gaba da baya. In shafin yana karɓar rabin suna, ki sa haruffa huɗu na farko kawai ki duba abin da zai fito. Ranar haihuwarsa za ta taimaka miki wajen tace masu suna iri ɗaya.

Da kin ga shari'ar, ki rubuta lambarta ki adana. A Texas suna ce mata cause number, a New York index number. Da ita a hannu, buƙatarki ta zama ta minti biyar. Ba tare da ita ba, wasu ofisoshin sukan caji kuɗin bincike.

Amma ganin sunanki a kwamfuta bai isa ba, kuma a nan nake son ki tsaya ki karanta da kyau. Shigar da ƙara daban, yanke hukunci daban. Wata rana wata mata ta zo ofishin da nake aiki, ta ciro takarda daga cikin leda, an naɗe ta huɗu, gefunanta sun yi laushi don tsufa. Shekara shida tana ajiye da ita a ƙasan akwati a matsayin takardar sakinta. Da na buɗe na ga tambarin kotu, na ga lambar shari'a, na ga sunayensu, komai tsaf. Na juya shafi na ƙarshe, babu sa hannun alƙali. Takardar ƙara ce, wadda mijin ya shigar ranar farko. Da muka duba a kotun, ashe bai sake komawa ba, alƙali ya kori ƙarar don an yi watsi da ita. A idon hukuma matarsa ce har ranar. Na ga yadda hannunta ya riƙa rawa tana mayar da takardar cikin ledar, kuma tun ranar ba na yarda da kowace takarda sai na ga shafin ƙarshe. Ba lallai ne mijin ya yi ƙarya da gangan ba. Wasu sun ɗauka da zarar sun biya kuɗi sun miƙa takarda, shi ke nan. A Kalifoniya ma mutane da yawa suna zaton in wata shida ya cika aure ya mutu da kansa, alhali wata shidan mafi ƙarancin jira ne, sai alƙali ya sa hannu tukuna.

Saboda haka in kwafin ya iso, ki duba sa hannun alƙali da ranar da ya sa, ki duba hatimin magatakarda, ki ƙirga shafukan ki tabbatar babu wanda ya ɓace. In an haɗa su da ƙusa, kada ki cire don ki yi hoto, wasu hukumomi suna ƙin kwafin da aka warware. Takardar sammaci, da umarnin wucin gadi, da yarjejeniyar zama daban-daban, duk ba su kashe aure.

Kina iya tambaya yaya za a raba aurenki ba ki nan. Ana yi. Doka ta ce a sanar da wadda ake ƙara, amma in mai ƙara ya rantse cewa ya neme ta bai san inda take ba, alƙali yakan ba shi izinin buga sanarwa a jarida, in wa'adi ya wuce ba ta amsa ba a yanke hukunci a bayan idonta. In haka aka yi miki, za ki gani a fayil ɗin. Ki karanta abin da aka rubuta game da yaron da kyau, kalma bayan kalma, in Turancin shari'a ya yi miki nauyi ki sa lauyan ya fassara miki. Ɗanki da aka haifa a Amurka ɗan ƙasa ne, kuma sabunta fasfon yaron da bai kai shekara 16 ba yana buƙatar yardar iyaye biyu, sai in akwai hukuncin kotu da ya ba wa ɗaya riƙonsa shi kaɗai. Takardar nan za ta iya sauƙaƙa miki wannan, za ta iya kuma nuna miki wata matsalar da gara ki san da ita tun yanzu. In an yanke masa kuɗin ciyar da yaron, a nan za ki gani.

Wajen biya, kowane ofishi da tsarinsa. Galibi ana cajin kowane shafi, a ƙara wani abu na hatimi, kuma duka ba ya wuce 'yan daloli. Wasu suna karɓar kati ta intanet, wasu sai takardar kuɗi ta gidan waya da ambulan mai adireshin da za a mayar. Ki ba da adireshin lauyan ko na wani amintacce a Amurka, shi ya turo miki ta kamfanin aika saƙo mai lambar bibiya. Ki nemi kwafi uku a lokaci ɗaya. Za a ɗora hotonsa a cikin takardar neman biza ta I-130, za ki kuma tafi da mai hatimin ranar ganawa a Legas, inda ake yin bizar zama ta dindindin ga 'yan Najeriya, sannan in Allah ya kai ki lokacin neman zama 'yar ƙasa za a sake tambaya.

Ki yi hattara da shafukan da ke fitowa a saman Google suna cewa su za su samo miki takardar saki ta kowa in kin biya. Kamfanonin tattara bayanai ne, abin da za su ba ki babu hatimin kotu a kansa, kuma da yawa za su ci gaba da cire kuɗi daga katinki duk wata. Ki shiga ta shafin gundumar ko na kotunan jihar kai tsaye, ki kira lambar wayar da ke nan ki tabbatar. Kamfanin VitalChek, mai karɓar buƙatar takardun shaida ta intanet, shi dai wasu ma'aikatun jihohi suna aiki da shi a hukumance, amma shi ma sai ki bi ta shafin ma'aikatar ki isa gare shi. Shafin PACER kuma na kotunan tarayya ne, ba za ki sami saki a can ba.

Tunda a hukumar Amurka za ki yi amfani da takardar, hatimin magatakarda ya wadatar. Sai in wata hukuma a Najeriya ce ta nema, shi ne za a bi dogon layi: sakataren jihar da kotun take ya tabbatar, ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta tabbatar, sannan ofishin jakadancin Najeriya a Washington ko ƙananan ofisoshinsa na New York da Atlanta. Kada ki kashe kuɗi a wannan sai an ce miki ana buƙata.

Saura abu mafi nauyi: in an duba Harris da Fort Bend da Montgomery, an duba jerin Texas, an tambayi Albany, ba a ga komai ba fa? Ki sa a ba ki amsar a rubuce, sannan ki tambayi danginsa ko abokansa ko ya taɓa zama a wata jiha a tsakanin, don direbobin manyan motoci da ma'aikatan jinya sukan yi ƙaura da yawa. In har yanzu babu, to a wurin hukumar Amurka auren nan yana nan da ransa. Maganar addini daban: ya furta saki, kin yi idda, wannan malamai sun fi ni sani kuma ba na shakkar abin da za su ce miki. Amma auren da aka yi wa rajista a ofishin gwamnati a New York, furucin baki ko takardar liman ba su warware shi a idon dokarsu. A 2008 babbar kotun jihar Maryland ta ƙi amincewa da saki ukun da wani mutum ya je ya yi a ofishin jakadancin Pakistan da ke Washington, saboda an yi shi ba tare da an ba matar damar kare haƙƙinta ba.

In ya tabbata babu hukuncin saki a kotu, ina roƙon ki da ke da mai neman aurenki ku dakata da rajistar sabon aure da shigar da takardun biza har sai an gyara wannan. Hukumar shige da fice tana duba ranar da auren farko ya mutu da ranar da aka ɗaura na biyu. In na biyun ya riga, ba ta ɗaukarsa aure, za ta ƙi takardar, kuɗi da shekarun jira su tafi a banza. Za a kuma sami masu ce miki akwai wanda zai buga miki takardar kotu a kwana biyu, ko ki rubuta a fom cewa ba ki taɓa aure ba. Don Allah kada ki saurare su. Aurenki na farko yana da rajista a ofishin gwamnati tun lokacin da kika zauna a can, suna kuma bincikar takardun kotu, kuma ƙarya a neman biza tana jawo haramcin shiga ƙasar na har abada.

Gyaran yana yiwuwa. Ko dai a sami tsohon mijin ta hannun manyansa a sa shi ya shigar da ƙara a gundumar da yake zaune yanzu, ke ki sa hannu a takardar amincewa daga nan, ko ke ki ɗauki lauya a can ya shigar a madadinki, tunda dokar Texas ta yarda wadda ke zaune a waje ta kai ƙara a gundumar da mijin yake in ya cika wata shida a jihar. Akwai kuma hanyar kotu a nan Najeriya, amma wace kotu ce ke da hurumi a kan auren rajista, da ko Amurka za ta karɓi hukuncinta, wannan lauyan ne zai duba kafin ki taka ƙafa. Ki tura masa hoton takardar aurenku ta New York, da cikakken sunan tsohon mijin yadda yake a fasfo, da ranar haihuwarsa, da adireshinsa na ƙarshe da kika sani, da watan da ya kira ki. Ke kuma yau da daddare ki buɗe jerin sunayen Texas na shekarar ki fara dubawa.